Kafin Ka Sa Wa Kawunka Suna a Kasuwar Kankia

Zuwa ga ɗana Haruna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta ishe ka lafiya, kai da mutanen da suka sauke ka a Kankia. Allah ya tsare ka a hanyar Kano, ya raba ka da mugun direba da mugun aboki, ya sa ka faɗa hannun mutanen kirki. Malam Isiyaku ne ke rubuta mani, ka san ni kiɗa na iya, ban iya riƙon alƙalami ba. Ya ce in taƙaita don tawada ba ruwan rijiya ba ce, na ce mashi ya jiƙa wata, yaushe aka taɓa ganin makaɗi ya taƙaita magana.

Ba labarin gida zan ba ka ba, kwana nawa ma ka yi da fita. Maganar waƙar nan ce. Na ji ka kana gwada ta a bayan rumbu kafin ka tafi, kai ka ɗauka ina gona. Na san mutanen jam'iyyarku sun ɗauke ka makaɗinsu, na kuma san ranar kasuwar Kankia za su ɗora ka kan tebur ka rera ta kafin motarku ta wuce Kano. Kiɗan ya yi daɗi, ba zan ɓoye maka ba, har ƙafata sai da ta motsa. Amma a cikinta ka kira kawunka Bala ɗan fasis, ka kira kanku 'yan gurguzu. Maganar ta kai kunnen Bala. Ya aiko wa innarka cewa in aka rera waƙar nan a bainar jama'a, ƙafarshi ba za ta ƙara taka gidanmu ba, ko biki ko mutuwa. Ka san su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Ka girma, gangar ma na ba ka ita halak malak, ba zan aiko a karɓe ba. Sai dai ka saurari inda ni na yi tuntuɓe da kalmomin nan biyu, don na riga ka cin karo da su, har yau kuma ban gama gane su ba.

Zan fara da abin da ya faru tun ban taɓa jin ko ɗayansu ba. Ina saurayi aka kira ni kiɗan gayya a Mawashi, noman farko, gero bai wuce idon sawu ba. Samari sun jeru sahu guda, ni ina gabansu ina ja da baya da gangar noma. Akwai wani ƙato a cikinsu, na lura duk sanda na buga takenshi sai ya zabura ya bar sahu a baya. Abin ya ba ni sha'awa. Na yi ta bugawa ina wasa shi, 'yan mata na guɗa, rana ta take, shi kuwa ya ƙi ɗagowa ko ruwa ya sha. Faɗuwa ya yi da fartanya a hannu, aka ɗauke shi ranga-ranga. Ya tashi daga baya, amma damanar nan bai ƙara moruwa ba, gonar ubanshi ta ƙare cikin ciyawa. Ni kuwa a ranar har taƙama nake, wai gangata ta kayar da ƙato. Sai da na manyanta na gane ganga tana cire wa mutum "na gaji" daga baki, tana kuma hana shi tsayawa ya yi tunani. To in ka hau teburin nan ka ga kawuna na kaɗawa tare, kada ka ɗauka gaskiyar maganarka ce ta kaɗa su. Hannunka ne, ɗana, kuma ko ƙarya ka ɗora a kan wannan kiɗa haka za su kaɗa.

Ba a jima ba aka zo aikin hanyar mota, aka ce kowane gari ya ba da mutane. Aka taho da ni in yi masu kiɗa, ni kuwa har da sa sabuwar taguwa, a zatona gayya ce babba, ta Bature. Kiɗan da na yi a Mawashi shi na yi a can. Diga na tashi tare tana sauka tare, wanda ya hango mu daga nesa zai rantse gonar wani ake nomewa. Sai da rana ta raba na fara waige-waigen inda aka ajiye ƙwaryar fura, ashe babu. Na ga wani dattijo ya sauke kwandon ƙasa zai zaga ya kama ruwa, bulala ta mayar da shi sahu. A gayya mai gona ke ciyar da kai, gobe ya zo taka gonar, in ka gaji ka zauna gindin gawo ba mai taɓa ka, iyaka 'yan mata su yi maka dariya. Na ci gaba da kiɗa dai har la'asar, tsoro nake ji, kada in yi maka ƙarya. Tun daga ranar, in na ga taro na motsi kamar mutum ɗaya, sai in tambayi kaina wa zai ci abin da aka noma, kuma wanda ya ce ya gaji me ake yi mashi. Ka tafi Kano da tambayoyin nan, ba su da nauyi.

Kalmar fasis kuwa a bakin Kofur Audu na Ƙofa na fara jin ta, bayan ya dawo daga yaƙin Habasha yana ɗingishi. Ka san ni da tambaya kamar alƙali. Duk ranar kasuwar Kusada nakan ishe shi gindin tukubar mai tsire in tsare shi sai ya ba ni labari. Ya ce sun kama sojan Italiya da yawa, aka sa shi gadin wasu daga cikinsu da ke gyaran motoci. Suka saba da wani gajere, bakanike, suna magana da guntun Turancin bariki da nuni da hannu. Rannan Kofur ya tambaye shi mene ne fasis ɗin nan da ake ta faɗa. Sai mutumin ya tsinto ƙirare, ya karya guda, ya haɗa sauran ya ɗaure da igiya, ya miƙa wa Kofur ya ce ya karya. Ya ce alamar masu mulkin ƙasarsu ke nan, damin sanduna a ɗaure, daga nan sunan ya fito.

Kai, ina jin haka na miƙe tsaye. Na ce ashe Turawan Italiya ma sun san tsintsiya maɗaurinki ɗaya, ai waɗannan mutanenmu ne. Ban tsaya ya ƙarasa ba, na tafi da abina ina murna kamar na tsinci akuya. Na shiga gaya wa mutane cewa 'yan fasis masu hankali ne, ban ga dalilin da ya sa ake yaƙarsu ba. A gayyar da ta biyo baya har kirari na yi wa samarin garinmu da shi, ina ce masu damin Italiya ba ku karyuwa, suna ta ɗaga fartanya. Allah ya sa Kofur na wurin. Ya ɗingiso har tsakiyar gona ya riƙe mani hannu, ganga ta yi shiru, ya ce:

"Ɗanjuma, ka tafi ban gaya maka abin da ke tsakiyar damin ba. Gatari ne."

Muka koma inuwa ya ƙarasa mani. Ya ce bakaniken nan ɗan gurguzu ne a ƙasarsu, yana cikin ƙungiyar ma'aikata. Masu baƙaƙen riguna, wato samarin fasis, suka zo suka ƙone ɗakin taronsu, suka danne shi suka ɗura mashi man gelo har ya ɓata wandonshi a gaban jama'a, sannan suka lakaɗa mashi duka. Daga baya kuma aka sa mashi kayan soja aka turo shi yaƙin da bai yarda da shi ba. A ƙasar babu wata jam'iyya sai tasu, babu jarida sai mai yabonsu, shugabansu kuwa wai ba ya kuskure. Sun ce jininsu ya fi na wasu, don haka ƙasar Habasha halal ce gare su, har guba suka yi ta zuba wa mutane daga jirgin sama. Kofur ya ce ya ga wasu da fatarsu ta saɓule tun lokacin. Wallahi kunya ta kama ni. Abin da na koya shi ne, kalmar da ta taho daga nesa rabinta ke isowa, sauran sai ka bi sawu ka nemo. Kada ka ɗora ta a kan ganga sai ka samu wanda ya gaya maka ɗaya rabin.

Akwai abin da ya ɗaure mani kai a labarin Kofur, har yau bai kwance ba. Ya ce shi shugaban nan na Italiya da farko ɗan gurguzu ne, har jaridarsu yake rubutawa, daga baya ya juya ya zama shi ne dodonsu. Ya ce abokan tafiyar 'yan fasis na Jamus kuma har kalmar gurguzu suka saka cikin sunan jam'iyyarsu, amma 'yan gurguzun ƙasar na cikin waɗanda suka fara cika kurkuku da su. To ka ga suna bai hana komai ba. Na kuma tambaye shi, Turawan Ingila da suka kwashe ku yaƙi da fasis, a shekarun nan ba su ne suka sa aka kwashi mutanen ƙauyukanmu ala tilas zuwa haƙar kuza a Jos ba, wasu har yau ba su dawo ba? Wannan ma fasis ne? Ya daɗe yana susar ƙeya. Ya ce ya ji a can ƙasarsu suna jefa ƙuri'a, suna zagin shugabansu a jarida a kwana lafiya, nan ne dai ba su ba mu wannan ba. Ya ce a ganinshi abin da suke yi mamu yana da nashi suna, mulkin mallaka, kuma sunan ya ishe shi muni ba sai an aro mashi na wani ba. Ban san ko ya yi daidai ba, amma na ji daɗin yadda bai yi saurin amsawa ba.

Gurguzu kuma a Kankia na same shi, shekarar da na kai auduga. Wani malamin makarantar boko, yaro mai fara'a, ya zaunar da mu a inuwa yana bayani. Ya ce manufar ita ce kada ƙasa da masana'antu da jirgin ƙasa su zama na 'yan tsirarun masu kuɗi, su zama na jama'a, mai aiki ya ci guminshi, kada wani ya kwana da yunwa wani na zubar da tuwo. Ka san halina, ban daddara ba. Na sake miƙewa na ce ai wannan gandu ne, mu muka riga su. Na dawo Kusada ina ta wa'azin gurguzu, har innarka ta ce ko aljanun Kankia ne suka shafe ni.

Abokina Jaɓɓi Bafillace ne ya tsayar da ni, ranar da ya kawo shanu su kwana a gonarmu don taki. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni a hankali, in shanu suka zama na jama'a, wa zai tashi ya duba wadda ke ciwo, kuma rumbun nan babba na ƙasa duka, wa zai riƙa hawa ya ɗebo. Sai na tuna gandun babana. Gaskiya ne shekarar fara ba wanda ya kwana da yunwa a gidanmu, tukunya ɗaya muka ci har Allah ya kawo kaka, wannan ba zan taɓa mantawa ba. Amma Baba kaɗai ke buɗe rumbu, bayanshi sai yayana, ko fatar ganga zan saya sai na durƙusa na roƙa. Dalilin da ya sa na fita gandu ke nan tun kafin a haife ka. Wato ni da na gudu daga gandun gida ɗaya, ni ne ke yawo ina neman a yi wa ƙasa duka gandu. Jaɓɓi ya yi ta dariya har sandarshi ta faɗi.

Na koma wurin malamin nan da tambayoyin Jaɓɓi, bai ji haushi ba, Allah ya yi mashi albarka. Ya ce gurguzu iri-iri ne kamar dawa, akwai kaura akwai farfara. Akwai irin na Rasha, jam'iyya ɗaya, an haɗe gonaki an sa a hannun hukuma, waɗanda suka ƙi kuma sun sha wuya ƙwarai. Akwai kuma irin na wasu a Ingila, da ƙuri'a suke hawa, in an kayar da su su sauka, su ne suka sa talakansu ke zuwa asibiti ba ya biya. Ya ce shi ma a takarda ya karanta, bai je ya gani ba. To kai da ka ce ku 'yan gurguzu ne, wane iri ne naku? Ba gatse nake yi maka ba, so nake in sani. Ka tambayi manyanku a Kano wa zai riƙa buɗe rumbu, in kuma ya ci amana yaya za a sauke shi. Ka tambaya mani maganar shanun Jaɓɓi. In sun amsa ka rubuto mani, Malam Isiyaku zai karanta. In kuma suka fusata don ka yi tambaya, to ka samu amsa, sai ka kula da kanka.

Yanzu mu zo kan kawunka. Ba zan wanke shi ba. Abin da ya yi a gayyar bana a matsayinshi na Sarkin Noma bai kyauta ba ko kaɗan. Ya kori samarin da suka maƙala bajon jam'iyyarku daga sahu, ya ƙwace fartanyar ɗayansu, Ɗan'azumi, ya ce ba za a ƙara kai gayya gonakin iyayensu ba. Tun kakanninmu ba a taɓa tambayar mutum ra'ayinshi kafin a nome mashi gona ba. Na faɗa mashi haka ido da ido, ya tashi ya kaɗe riga ya bar ni zaune. Mutum ne mai taurin kai, ga tsoron na sama, wannan duk garin an sani. Na ma yarda akwai ɗan ƙaurin abin da Kofur ya faɗa a cikin aikin nashi, wato wanda ba namu ba kada ya ci tuwo. Na juya abin a raina na sake juyawa. Sai dai Bala ba shi da kurkuku, bai ɗura wa kowa komai ba, bai ce jinin Kusada ya fi na Ƙofa ba balle ya je ya ƙwace gonakinsu. In ka ba wanda ya ƙwace fartanya sunan waɗanda suka zuba guba daga sama, ranar da na gaskiyar ya zo, Allah ya kiyaye, da me za ka kira shi mutane su tashi? Ka tuna kuma su mutanen Bala suna ce maku kwaminis marasa addini, alhali ban taɓa ganin ka bar salla ba. Ka dawo gida rannan idonka jawur saboda wannan magana, ka san yadda take ci.

Sannan kai ɗan gado ne, ka san zambo ba ya wankuwa. Akwai gida a Ƙofa da kakanka ya yi wa mai shi zambo tun kafin in yi wayo, mutumin ya mutu, kakanka ya mutu, jikokin har gobe da sunan ake kwatancen gidansu. Mutanen kasuwar Kankia ba su san Italiya ba, ba su san dami ba balle gatari. Abin da za su sani kawai shi ne ɗan ƙanwar Bala ne ya faɗa, kuma kiɗan da daɗi. Kafin kaka yara za su riƙa bin shi da ita har bakin masallaci, kai kana can Kano.

Ban ce ka yi shiru ba, makaɗin da ya ga ɓarna ya yi shiru gara ya koma saƙa. Ka rera abin da ya yi da sunan abin. Ka ce Sarkin Noman Kusada ya ƙwace fartanyar talaka, ya mayar. Ka ce gayya ba ta da jam'iyya. Zai ji zafi, zai yi fushi, wataƙila ya yi wata bai gaishe mu ba. Amma fartanya abu ce da zai iya ɗauka da hannunshi ya kai gidan Ɗan'azumi, magana ta ƙare, ku ma kun ci riba. In kuwa ka ce mashi fasis, me zai mayar? Ba ka bar mashi ƙofar dawowa ba, ko wurinku ko wurin 'yar'uwarshi.

Innarka tana bayan zana tana kaɗi tun da muka fara rubutun nan, na ɗauka ba ta ji. Tun da saƙon Bala ya iso, abinci ma sai ta taɓa ta ture. Yanzun nan ta ajiye mazari ta gaya mani ta riga ta ari jakin maƙwabta, ranar kasuwa za ta kai daddawa Kankia. Rabonta da kasuwar nan tun kana goye. Na ce mata tafiyar da nisa ga bayanta da ke ciwo, in saƙo ne ga takarda. Ta ce ba saƙo gare ta ba.

"Ba hana shi zan yi ba," in ji ta. "Tsayawa zan yi gaban teburin, inda zai gan ni. In zai faɗa, ya faɗa ina kallonshi."

Na yi magiya ta ƙi, ka san jininsu ɗaya da Bala. Don haka in ka hau, ka duba gaba kafin ka ɗaga hannu, tana nan.

Allah ya kai ta lafiya ya dawo da ita lafiya. Kai kuma Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare harshenka, ya sa ka gama da duniya lafiya. Malam Isiyaku na gaishe ka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Ɗanjuma Makaɗi, Kusada